Saurar da Kakanmu Ya Hana a Nome

Gidanmu yana wani ƙauye a ƙasar Gaya, gabas da Wudil. Duk wanda ya biyo hanyar da damina zai ga gero da dawa sun rufe ko'ina, sai wani fili guda a bayan gidanmu da babu kunya ko ɗaya a cikinsa, gamba ce kawai da ƙyasuwa da manyan itatuwan gawo. Baƙo kan tambaya ko rigimar gado ce ta sa aka bar shi haka. Ba rigima ba ce. Saurar shanu ce, kuma ni ne na huɗu a jerin waɗanda suka riƙe ta, daga kan mahaifin kakana. Saura kaɗan ta salwanta a hannuna, har sau biyu, shi ya sa nake so in ba da labarin yadda Allah ya tsare mana ita.

Mu Fulanin gida ne. Filatanci ya tsaya a bakin kakana, mu da Hausa muka tashi, amma saniya ba ta bar gidan ba. Farfaru muke kiwo, waɗanda ake kira Bunaji, masu baƙin kunne da baƙin hanci. Abin da na fara sani a duniya shi ne ƙarar nono a ƙwarya da asuba, da hayaƙin da ake turawa a garke da magariba don korar sauro da ƙuda. Ranar sunana Kaka ya nuna wata karsana ya ce tawa ce, kamar yadda ake yi wa kowane ɗa a gidan, mace ko namiji. Har yau akwai jikokin jikokinta a garken.

Ina da shekara 5 annobar shanu da ake kira bushiya ta shigo, a 1983. Ba na tuna komai daki-daki, amma ina tuna wari, da ungulaye a kan gawo, da Kaka zaune a gindin turke ya rufe fuska da rawani. Daga baya Baba ya ba ni labarin sauran. Saniya za ta fara da zazzaɓi, idanu na hawaye, baki ya yi gyambo ta kasa cin ciyawa, sai zawo, cikin kwana kaɗan ta kwanta. Shanu 46 ne a garken, 11 suka tsira. Baba bai taɓa ɓoye cewa akwai laifin Kaka a ciki ba. Tun zamanin jangali ya saba ɓoye shanu idan ya ji ma'aikata na zuwa, saboda a wurinsa duk mai ƙirga shanu haraji ya kawo shi. Ko bayan an soke jangalin bai saki jiki ba, masu allurar rigakafi suka zo ya kora garken daji. Na faɗi wannan ne saboda yanzu akwai masu cewa kiwon gargajiya shi ne ka guji likita. Mu mun biya kuɗin wannan ra'ayi da shanu 35. Tun daga ranar babu shekarar da ba a yi wa garkenmu rigakafi ba, kuma da na ji a rediyo a 2011 cewa an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya, sai da na je na samu Baba na faɗa masa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya yi wa mahaifinsa addu'a.

Bushiya na wucewa fari ya biyo baya a 1984. Gero bai yi ido ba, mutane suka riƙa sayar da dabbobi a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. A nan ne aka matsa wa Kaka ya nome saurar, tunda shanun da suka rage ba su kai a bar musu fili kusan eka 20 ba, ga kuma bakuna a gida. 'Yan'uwansa suka yi magana, mai unguwa ya yi magana. Ya ce a'a. Baba ya ce amsarsa ɗaya ce ga kowa: saniya tana haihuwa, ƙasa ba ta haihuwa, in an tumɓuke gamba yau garken da zai dawo gobe ina zai sa baki? Da ƙwayar gawo da busasshiyar gambar nan shanu 11 suka ga damina. Kafin Allah ya yi masa rasuwa a 1996 sun haura talatin.

Ni ne ɗan rakiyarsa a shekarunsa na ƙarshe, kuma a wurinsa na koyi abin da na sani, ko da yake a lokacin gani nake tsufa ne ke sa shi tsanani. Idan ruwan farko ya sauka a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, ƙasa ta yi kore, shanu na ta kuka suna jan igiya, shi kuwa ba zai bari su taka saurar ba sai gamba ta kawo gwiwa. Yakan ce ciyawar farko ruwa ce zalla, zawo take sa su, kuma in suka gwaigwaye ta tana jaririya saiwar ce ke mutuwa. Sai mu yi ta kai su makiyayar gari muna ƙara musu da ragowar karmami har sati uku ko huɗu. In an buɗe musu ma, ba duka ake sakar musu ba. Ya raba filin gida huɗu da idonsa, daga wannan gawo zuwa waccan tsamiya, su yi kwanaki a nan, mu matsa da su gaba, ba za su dawo ba sai wurin ya sake tofowa. In ya ga tafasa da rai-ɗore sun fara yawa a wani ɓangare, ya san an ci wurin fiye da kima, sai ya hutar da shi damina guda. Da kaka muna yankan ƙyasuwa kafin ta bushe ƙarau, mu shanya ta, mu ɗora a kan rumfa tare da harawar wake da ta gyaɗa. Da rani kuma garke ya koma gona, ana matsar da turaku duk bayan 'yan kwanaki har taki ya game ta. Shi ya sa geronmu ke yin kyau a shekarun da takin zamani ya gagari mutane.

Gawo kuwa ko reshe ba a sara sai da izninsa. Itace ne mai nasa hali: da damina yake kaɗe ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, da rani lokacin da komai ya bushe shi kuma ya yi kore shar, ya zubo da 'ya'ya. Da sanyin safiya mukan fita da buhu mu tsince ƙwayar kafin awakin maƙwabta su riga mu.

Akwai abubuwan da ya tsoratar da ni a kansu har suka zauna mini. Gyauron dawa, wanda ke sake tofowa bayan girbi, yana iya kashe saniya cikin sa'a guda saboda dafin da ke cikin ɗanyen ganyensa. Fadama in ruwa ya fara janyewa ba a kai shanu bakin kwantaccen ruwa, nan suke ɗaukar ciwon hanta. Shi bai san cewa wata 'yar katantanwa ce ke ɗauke da tsutsar ba, wannan a wurin malamin dabbobi na ji daga baya, amma ya san wurin da lokacin. Kaska kuma da hannu muke cire ta kowace safiya, a hammata da gindin wutsiya da hantsa. Kanwa sau ɗaya a mako.

Na yi karatu har difloma, na samu aiki a wani shagon kayan gini a Kano, na yi aure a can. A Kano na ga masu turka. Mutum ya sayi sa, ya ɗaure shi wata uku yana ɗura masa dusa da ƙuli-ƙuli da angurya, Babbar Sallah na zuwa ya sayar ya ci riba. Mu kuwa sa sai ya shekara huɗu ko biyar yana bin ciyawa kafin ya isa kasuwa. Na yi lissafi a takarda, na ga kamar Baba barci yake yi. A 2009 na zo gida da wannan lissafi. Kuɗina bai isa ba, don haka na roƙe shi a sayar da karsana shida, uku nawa ne, uku na Inna da ƙannena mata, a sayi bajimai goma a ɗaure. Na kuma ce in abin ya karɓa, baɗi a nome rabin saurar a shuka masara don dusa.

Baba ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Wanda ya sayar da karsana ba saniya ɗaya ya sayar ba." Na ce, "Baba, zamani ya canja." Ya ce, "To, Allah ya sa albarka. Amma saurar ba za a taɓa ta ba ina raye." Inna ce ta lallashe shi ya yarda da karsanun, don kada in ga kamar an raina ni.

Wata Juma'a muka kai su kara a Wudil, na dawo da bajimai goma. Ban san asalin ko ɗaya ba, dillali ya ce lafiyayyu ne na yarda. Cikin satin farko na cika musu kwami da dusa da tsakin masara, ban san cewa tumbin da ya saba da ciyawa sai a hankali ake sauya masa abinci ba. Biyu suka kumbura a dare ɗaya. Ɗaya muka samu muka yanka, ɗayan kafin a kawo wuƙa ya zama mushe. Wani kuma ya yi ta ci ba ya ƙiba, da aka gaji aka yanka shi sai ga leda cunkus a tumbinsa ta dunƙule da igiyoyi, ashe a bola ya tashi. Abin da ya fi damuna har yau shi ne na saurari wani mai tallar magani a kasuwa, na sayi allurar da ya ce tana sa ƙiba, na yi wa sauran ana saura kwana goma Sallah. Jikinsu ya yi sumul, suka sayu. Bayan Sallah wani mahauci da ya daɗe yana sayen shanun gidanmu ya zo har gida. Bai ɗaga murya ba. Ya ce wa Baba, "Alhaji, naman nan ba na gidanka ba ne. Ruwa yake zubarwa a kan faifai, masu kilishi sun dawo mini da shi." Ina tsaye a wurin. Mutane sun ci wannan nama da iyalansu ranar Sallah, da maganin da ban san ko mene ne ba a cikinsa. Na tuba ga Allah a kan wannan, kuma ina roƙon ya yafe mini haƙƙin waɗanda ban san su ba.

Ba ina cewa turka haramun ba ce. Akwai masu yin ta da sani da tsoron Allah, suna ciyar da iyali da ita, kuma matan garinmu da ragon turka suke yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Nawa laifin gaggawa ne, da sayar da uwaye, da yin abin da ban koya ba. Da aka yi lissafi kuɗin karsana huɗu ne ya dawo. Baba bai taɓa yi mini gori ba. Abin da ya yi kawai, ya ce in biya Inna da ƙannena nasu, kuma da shanu zan biya, ba da kuɗi ba. Shekara uku ina biya. A cikin shekarun nan ne na fara zuwa gida duk ƙarshen mako, daga baya na ajiye aikin shagon na dawo da iyalina gaba ɗaya a 2013.

Baba ya rasu a 2016, ya bar mata biyu da 'ya'ya tara, maza biyar mata huɗu. Nan ne jarrabawa ta biyu ta zo, kuma ta fi ta farko nauyi, domin wannan karon babu wanda ke kan kuskure. Gado haƙƙi ne da Allah ya raba da kansa, ba wanda ya isa ya ce a jingine shi saboda ciyawa. Shanu ba su ba da wahala ba, kowace an san mai ita, na Baba aka ƙiyasta aka raba. Saurar ce matsala. In aka yanka ta aka ba kowa nasa, namiji zai tashi da eka biyu da rabi, mace da rabin haka, kowa ya nome nasa ko ya sayar, shanu su koma bin bakin titi. Na ga hakan a gidaje da yawa a yankinmu: uba ya rasu, a yanka fili, shekara biyar babu ko maraƙi a gidan.

Bayan sadakar arba'in muka zauna a zaure da malamin unguwa da kawunmu. Malam ya fitar da rabon kowa, aka auna, aka rubuta, kowa ya san nasa daga ina zuwa ina. Sannan na roƙi alfarma: kowa ya riƙe mallakarsa a takarda, amma kada a yi shinge, kada a sa garma, ni zan ci gaba da kiwon shanun kowa, duk shekara bayan girbi a zauna a yi lissafi. Babbar yayarmu ce ta fara magana. Ta ce da saniyar sunanta aka yi wa ɗanta kuɗin makaranta har ya gama, ita ba za ta sa hannu a kashe abin da ya raine ta ba. Sauran matan suka bi ta. A gaskiya ban zaci daga wurinsu taimakon zai zo ba, don su ne suka fi kowa buƙatar kuɗi a hannu.

Ƙanena ɗaya, ɗan ɗakin kishiyar Inna, ya ce shi kuɗi yake so. Yana da iyali a Kano, haya ta ishe shi, ga wani mai gidan bulo ya yi masa tayi mai tsoka saboda rabonsa ne ke bakin hanya. Ya ce, "Yaya, kai shanu ne rayuwarka, ni ba su ba ne. Kada ka ɗaure ni da igiyarka." Raina ya ɓaci a lokacin, amma gaskiya ya faɗa. Kawu ya shiga tsakani, aka yi wa rabon nasa kuɗi daidai da tayin da aka yi masa, muka ɗauki alkawarin biya cikin shekara biyu. Duk wani sa da ya tasa muka sayar, na haɗa da babur ɗina da 'yar gonar da na saya da kuɗin shago. Karsana ko ɗaya ba ta fita ba. Mun biya cif, amma shekara uku gaisuwarmu ba ta wuce ta Sallah ba. Sai da aka yi masa haihuwa na ɗauko wata maraƙa na kai ranar suna na ce ta jaririn ce, kamar yadda aka yi wa ubansa. Ya riƙe hannuna ya kasa magana. Maraƙar tana garke yanzu, ta haihu biyu.

Kiwon da nake yi yau na Kaka ne, da 'yan abubuwan da na ƙara. Na je cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya na ga yadda suke noman ciyawa, na dawo ina shuka waken lablab a tsakanin dawa, harawarsa tana riƙe masu shayarwa a watan Maris da Afrilu. Duk shekara malamin dabbobi na zuwa ya yi rigakafin ciwon huhu da na harbin daji da allurar da ake haɗawa a cibiyar Vom ta kusa da Jos. Saniya in ta kamu da ciwo ana yi mata magani, amma a rubuce nake ajiye ranar, kuma ba a sayar da ita ko a sha nononta sai kwanakin da likita ya ƙayyade sun cika. Leda kuwa yaran gidan sun san aikinsu ne tsince ta a saurar duk ranar Alhamis, don iska ba ta daina kawo ta.

Abu mafi wuya da na koya shi ne ƙin tara shanu. Bafulatani yana son ya ga garke ya cika ido, ni ma haka jinina yake. Amma saurar da karan gonakinmu da makiyayar gari, wadda kullum noma ke cinye gefenta, ba sa ɗaukar fiye da talatin da 'yan kai har su ga bayan rani. Burtalin da Kaka ke bi da shanu jere da juna yanzu sai ɗaya bayan ɗaya, kuma sau biyu na biya kuɗin ɓarna ban yi gardama ba, don ni ma manomi ne, na san zafin ganin saniya a cikin wake. Saboda haka duk Oktoba ko Nuwamba, lokacin da suka fi ƙoshi, nakan fitar da zakka, sannan in ware bajimai biyar ko shida da tsofaffin shanun da suka daina haihuwa in sayar. Mahaucin nan da ya kawo ƙarata ya tsufa, ɗansa ne ke zuwa yanzu. Yakan ce ko a cikin nama goma yana gane namu: ja ne sosai, ba ya ruwa, kitsen rawaya-rawaya kamar man shanu, kuma masu kilishi cinyar suke rububi. Rawayar nan daga ɗanyar ciyawa take.

Kada wani ya ɗauka arziki muke haƙa. Daga Maris zuwa Mayu shanun ramewa suke yi har ka ƙirga haƙarƙari, naman da suka tara da damina wani ya zube, shi ya sa sa ke ɗaukar shekaru. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 na kai sa kara na dawo da shi sau biyu. 'Yan'uwanmu na wajen Zamfara da Katsina da ɓarayi suka kore musu garke a dare ɗaya, wasu a gidanmu suka zauna watanni, kuma in na tuna su ba na iya barci sai na zagaya turaku. Amma da dusa ta yi tashin gwauron zabi bayan cire tallafin man fetur, masu turka da yawa suka saki sana'ar, mu ba mu ji ta nan ba. Akwai nono a gidan kullum, akwai taki, akwai kuɗin asibiti da na makaranta ga gidaje tara. Alhamdu lillahi.

Bana ruwan farko ya sauka da daddare. Da asuba na fito na tarar da ɗana na biyu, mai shekara 14, ya riga ni zuwa garke, shanu na ta kuka suna fuskantar saurar. Ƙaninsa ya kama igiya zai kwance, sai na ji ya ce masa, "Bari. Sai ta kawo gwiwa." Suka ɗauki sanduna suka kora su ta burtali zuwa makiyayar gari, ni kuma na hau rumfa na sauko musu da ragowar harawa.